“Sau Ɗaya Za A Gina, Ya Buɗe A Kowace Waya”: Tsohon Alƙawarin Java Ya Dawo Da Sabuwar Riga



Akwai wani talla da ke yawo a tsakaninmu kwanan nan, wasu ya same su ta akwatin saƙo, wasu ta bakin abokai. Wai ka kawo littafinka a mayar maka da shi manhaja, sau ɗaya za a gina, ya buɗe a kowace waya, ba mai iya satar maka shi, kai dai ka zauna kana jin shigowar kuɗi. In ka tsananta tambaya sai a jefo maka kalmar da za ta rufe maka baki: “Ai da Java ake rubutawa, Java kuwa babu wayar da ba ta jin ta.” Mun ji wasu daga cikin ƙannenmu na Bakura da Maradun har sun fara tara kuɗin aikin, ga littafin ma ba a gama tace shi ba.

Mu da muka zauna ajin kimiyyar kwamfuta a Talata Mafara muka fito da difloma, ba manyan masana ba ne, amma wannan maganar ta faɗo cikin ɗan abin da muka sani. Kuma mun ce ba gaskiya ba ce. Ba ta taɓa zama gaskiya ba ko a zamanin da Java ke tashe a wayoyi, balle yau.

Bari mu fara da ba Java haƙƙinta. Kamfanin Sun Microsystems na Amurka ne ya fito da ita a 1995, ƙarƙashin jagorancin wani injiniya mai suna James Gosling. Matsalar da suka so warwarewa ta gaske ce: kowace irin na'ura da yaren da take ji, manhajar da aka rubuta wa wannan ba ta aiki a waccan. Sai suka ce to a sa tafinta a cikin kowace na'ura. Mai rubuta manhaja ya yi wa tafintan magana da yare ɗaya, shi kuma tafintan ya juya wa na'urar da nata yaren. Daga nan kirarin Java ya samo asali, wato ka rubuta sau ɗaya, ya yi aiki ko'ina. A kan manyan kwamfutoci dabarar ta ci, har yau bankuna da manyan kamfanoni na dogara da ita. Ko a cikin layukan waya da muke sakawa, da yawa akwai wani ɗan tsakuren Java da ke aiki ba a ganinsa. Ba mu da faɗa da wannan.

Faɗanmu a kan waya yake. A 1999 aka fitar da ƙaramar Java ta wayoyi, wadda ake kira J2ME, ita ce uwar fayilolin nan masu ƙarewa da jar da jad. Duk wanda ya riƙe Nokia 2700 ko C1 ko Asha a garin nan ya san su. Da su muka buɗe Opera Mini, da su muka kwana a 2go, da su muka kwaso wasanni daga Waptrick muna lissafin megabayit kamar mai auna gero a shekarar fari. Mu ma muna kewar lokacin. Amma kewa daban, tarihi daban. Ku tuna da kyau abin da ke faruwa in aboki ya turo maka wasa ta Bluetooth. Wani lokaci ya buɗe. Wani lokaci ya buɗe amma rabin hoton ya fita daga fuskar waya, don an yi shi ne domin fuska mai 240 da 320, taka kuwa 128 da 160 ce. Wani lokaci madannan su juye, ka danna hagu ya tafi dama. Wani lokaci wayar ta ce fayil ɗin ya fi ƙarfinta. In kuma littafi ne ko wani abin karantawa, sai ta dinga tambayarka izini a kowane motsi har ka gaji ka rufe. Nokia mai tocila kuwa, wadda ita ce a aljihun mafi yawan iyayenmu a ƙauye, ba ta ma san ana yi ba. Haka da yawa daga cikin wayoyin China masu layi biyu da suka cika kasuwa daga baya, nasu tsarin daban ne, jar ba ya buɗewa.

Dalili shi ne tafintan ba ɗaya ba ne. Na Nokia daban, na Samsung daban, na Sony Ericsson daban, kowane da inda yake jin magana da inda yake yin kunnen uwar shegu. Kamfanonin wasanni sai da suka riƙa gina wasa ɗaya kashi-kashi, kowace waya da nata. Har masu sana'ar suka juya kirarin ya koma ba'a: rubuta sau ɗaya, ka yi ta gyara ko'ina. Kuma ko a wayar da ta karɓe ta, Java baƙuwa ce da aka sauke a zaure. Kira, saƙon tes, ajiyar lambobi, duk abin da ya sa waya ta zama waya, ba ita ke riƙe da su ba. An ba ta ɗan lungu ne na wasanni da ƙananan manhajoji, aka ce kar ta leƙa cikin gida sai da izini.

Sai manyan wayoyi suka zo suka kore ta daga zauren ma. iPhone ta fito a 2007, ba ta karɓi Java ba, kuma har yau ba ta karɓa ba. A nan ne masu tallan ke ɗaga murya su ce, “To Android fa? Ai Java ce.” Wannan ita ce rabin gaskiyar da ta fi ƙarya haɗari. Google ta ɗauki yaren Java don masu rubuta manhaja su ji sauƙi, amma ta ajiye tafintan Sun ta gina nata daban. Shi ya sa in ka ɗauko tsohon jar daga memorinka ka saka a Tecno ko Infinix ɗinka ta yau, ba zai buɗe ba sai ka nemo wata manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar waya. Kuma manhajar Android ba ta buɗewa a iPhone, ba ta buɗewa a 'yar itel mai madannai. Wannan aron da Google ta yi har kotu ya kai ta: Oracle, kamfanin da ya saye Sun, ya shigar da ƙara a 2010, aka yi ta bugawa sama da shekara goma, sai a watan Afrilun 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta ba Google gaskiya. Ana cikin shari'ar, a 2017 Google ta karɓi wani yaren mai suna Kotlin, a 2019 ta ce shi ta fifita wa masu gina manhajar Android. Wato ko a gidan da ake cewa nata ne, an yi wa Java kishiya an ba amarya turaka.

Wani zai ce, to mu marubuta ina ruwanmu da rigimar kamfanonin Turawa? Ruwanmu shi ne littafi yana son tsawon rai, manhaja kuwa gajeren rai gare ta. Ruwan Bagaja ya fito tun shekarun 1930, yau in ka sami kwafi a kasuwa ka buɗe, zai karantu, ba ya neman sabuntawa. Ku gwada wannan da abin da muka gani da idonmu. WhatsApp ta daina aiki a wayoyin Nokia masu Java a ƙarshen 2018. BBM, da a da ake wa kallon alamar wayewa, an rufe shi a ƙarshen Mayun 2019. Ɗakunan hira na 2go, inda wasu yayyenmu suka fara sakin labari shafi-shafi, yau wa zai iya komawa ya kwaso abin da ya rubuta a can? Littattafai da addu'o'in da aka dunƙule cikin jar suna nan kwance a tsofaffin memori, kamar hatsi a rumbun da aka jefa makullinsa rijiya. Wanda ya fi kusa kuma ya fi zafi shi ne OkadaBooks, dandalin da Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, inda marubutan Hausa da dama, musamman mata, suka sayar da littattafansu. An rufe shi a ƙarshen Nuwamban 2023. Ba zargin kowa muke ba, kasuwa ce ta yi halinta. Amma marubuciyar da ke da asalin rubutunta a hannu ta kwashi kayanta ta koma wata rumfar. Wadda ta buga kai tsaye a can ba ta ajiye komai ba, ita ta san abin da ta ji.

Akwai kuma ciwon da ya shafe mu mu kaɗai, wanda mai gina manhaja ba zai gaya maka ba don wataƙila shi ma bai damu da shi ba: haruffa masu ƙugiya. A wayoyin Java da yawa, in ka rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ, ɗan akwati ne ke fitowa a madadinsu. In saƙon tes ne, harafi ɗaya mai ƙugiya ya isa ya rage maka saƙo daga haruffa 160 zuwa 70, kuɗinka ya ninka. Haka tsararrakinmu suka koyi rubuta Hausa babu ƙugiya, ba don lalaci ba, don waya ta hana. Yau ga sakamakon muna gani a wannan zauren kullum: a rubuta “kasa” a bar mai karatu ya yi canki ko ƙasa ake nufi ko gazawa, a rubuta “dan” bai sani ba ko ɗa ne ko wani abu, “bari” da “ɓari” sun zama abu guda. Mace ta ce a bari, a karanta ta yi ɓari.

Tun kafin wayoyi ma an yi wannan gwagwarmayar a kwamfuta. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi wa Hausa babban aiki da ya ƙirƙiro zubin haruffan Rabi'at da Abdalla a lokacin da babu wata hanya, kuma da su aka buga littattafai da jaridu masu yawa. Sai dai dabarar wancan zamanin ita ce a ari gurbin wasu alamomi a ɗora musu surar ƙugiya. Shi ya sa in ka buɗe irin wannan rubutu a na'urar da ba ta da zubin, sai ka ga baka-biyu da sanduna sun watsu cikin kalmomi. Duk wanda ya taɓa kwafo tsohuwar maƙala daga intanet ya ga haka. Maganin da ya zo daga baya shi ne Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta dindindin, har da namu. Ƙ ɗin da ka rubuta da Gboard a Mafara, ita ce za ta fito a Yamai, ita ce za ta fito a Landan. To ga abin da ya fi kusa da cika alƙawarin nan na rubuta sau ɗaya a karanta ko'ina, kuma kyauta ne, kuma yana cikin wayarka yanzu haka. Shiga saitin allon rubutu ka ƙara Hausa, minti biyu ne.

Mu a Zamfara ma bai kamata a zo mana da wannan tallan ba, don mun ga gwajin da babu wanda ya gani. A ranar 3 ga Satumban 2021 hukumar NCC ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a jihar baki ɗaya, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Aka ce mako biyu. Gusau ta samu a farkon Oktoba, sauranmu muka ci gaba da jira har wajen ƙarshen Nuwamba. Ba za mu shiga muhawarar ko matakin ya yi amfani ba, wannan ba zaurenta ba ne, kuma waɗanda suka rasa 'yan uwa a Maradun da Bakura sun fi mu cancantar magana. Abin da ya shafi maƙalarmu shi ne me aka karanta a waɗannan makonnin. Duk manhajar da ke neman ta tuntuɓi uwar garke kafin ta buɗe maka babi, ta zama gunki. Dandalin da ka saya littafi a ciki, in bai sauka cikin wayar ba, ya tafi hutu. Abin da ya yi yawo hannu zuwa hannu shi ne fayil: rubutu tsura, PDF, sautin karatun littafi, ana turawa ta Xender da Bluetooth, ana kwafa daga memori zuwa memori a shagon masu caji. Da littafin takarda, wanda aka fara yi wa kallon kayan tsofaffi. Mai karatunka na Bakura ba ya zaune a Legas. Yana da ƙaramar waya ko babbar da ta tsufa, cajinta na kuɗi ne, datarsa ta ƙidaya ce, sabis kuma ko ba a rufe ba sai ya hau tudu. Manhaja mai cin megabayit ashirin ko talatin don ta nuna masa labarin da bai kai megabayit ɗaya ba, wannan ɗora wa jaki sirdin da ya fi kayan nauyi ne.

Yanzu ga hujjarsu mafi ƙarfi, kuma ba za mu raina ta ba, don mu ma tana ci mana tuwo a ƙwarya: sata. Ka yi wata shida kana rubutu, ka sayar wa mutum ɗaya, kafin la'asar littafin ya zaga zauruka goma na WhatsApp, wani ma ya goge sunanka ya sa nasa, wani ya karanta shi a YouTube yana cin kuɗin talla ko sallama bai yi maka ba. Wanda wannan ya taɓa samu, in aka ce masa ga akwatin ƙarfe, dole ya saurara. Mun fahimta. Amma ku tambayi kanku, wace manhaja ce ta taɓa hana ɓarawon littafi? In ta hana ɗaukar hoton fuska, zai ɗauka da wata wayar. In ya ga dama ya zauna ya sake bugawa da hannu, ai dama haka aka yi wa littattafan kasuwar Kano, shafi-shafi aka kwafe su zuwa intanet ba tare da an tambayi masu su ba. Kullen yana wahalar da mai saye na gaskiya ne, wanda ya biya kuɗinsa sannan ya canja waya ya tarar littafin ya ƙi binsa. Ɓarawo kuwa ko a jikinsa. Abin da ke kare marubuci shi ne shaidar cewa shi ya fara rubutawa, da sunan da masu karatu suka sani har suke jin kunyar karanta na sata, da ƙungiya mai haƙori da za ta bi kadi. Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, akwai hukumar da ke kula da ita. Mu nawa ne a nan muka taɓa karanta ko shafi ɗaya na dokar? Kuɗin manhaja ɗaya ya isa a buga ta a raba wa reshe guda.

Za su ce mana zamani ya wuce Java, yanzu akwai Flutter na Google da React Native na Facebook, rubutu ɗaya ya ba ka Android da iPhone. Gaskiya ne sun fi J2ME nesa ba kusa ba, kuma ga mai banki ko mai kamfanin sufuri suna da amfani. Amma ko da su, gini biyu ake fitarwa, a kai shago biyu, kowane da dokarsa. Google na karɓar dala 25 sau ɗaya kafin ta buɗe maka asusun mai manhaja, Apple na karɓar dala 99 duk shekara, ku juya wannan zuwa naira da canjin yau. Sannan Google na ɗaga ƙa'idarta kusan kowace shekara, manhajar da ba a sabunta ba sai ta daina bayyana ga masu sababbin wayoyi. Wa zai sabunta maka? Yaron da ya gina maka, wanda ya tafi bautar ƙasa ko ya canja layi? Kuma asusun da aka ɗora littafin a kai, da sunan wa aka buɗe shi? In da sunansa ne, to shi ke da shagon, kai ɗan haya ne a cikin littafinka. Har yanzu kuma 'yar ƙaramar wayar da ke hannun matan aure da yawa a ƙauyukanmu, waɗanda su ne ƙashin bayan karatun littattafan Hausa tun zamanin haya a shagon littafi, tana waje ba a gayyace ta ba.

Kar a fahimce mu a baibai. Ba mu ce kar a sayar da littafi a dandali ba. A kai shi ArewaBooks, a kai shi Wattpad in tallan suna ake nema, a kai duk inda mai karatu yake, ai mai talla ba ya zaɓen layi. Ba mu kuma ce 'yan uwanmu masu koyon gina manhaja su daina ba, mu ma cikinsu muke. In suna son yi wa adabi hidima, ga aiki nan jibge: manhaja guda mara nauyi da za ta buɗe kowane fayil ba tare da sabis ba, mai gyara ƙugiya a tsohon rubutu, mai duba kuskuren rubutun Hausa. Wannan ya fi gina wa kowane littafi kurkukunsa. Abin da muka ƙi shi ne a karɓi kuɗin yarinyar da ke rubutu da babban yatsa cikin dare, bayan ta gama aikin gida, a sayar mata da kirarin da masu shi ma suka daina rerawa.

Ku duba ma inda ake tantance marubuta. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun da aka fara ta a 2016, rubutu take nema, ba ta taɓa cewa a turo manhaja ba. Maɗaba'a rubutu za ta nema. Mai fassara, mai shirya fim, malamin jami'ar da zai sa ɗalibi nazarin littafinka, duk rubutu za su nema, mai tsabta, mai ƙugiya, wanda za a iya kwafa a gyara. Saboda haka asalin littafinka ya zauna a fayil ɗin rubutu da kowace na'ura ke buɗewa, kwafi a waya, kwafi a memorin da ba ya cikin wayar, kwafi a imel ɗinka wanda ranar da ka tura za ta zame maka shaida. In da hali ka buga shi a takarda ko kwafi ɗaya ne ka ba wanda ka yarda da shi. Waya na faɗawa rijiya, ana ƙwace ta a hanya, mu nan ba sai an ba mu labari ba.

Wanda kuma har yanzu yake ganin tallan ya kwanta masa, ba mu hana shi ba, kuɗinsa ne. Amma kafin ya tura ko sisi, ya ce wa mai ginin su haɗu ranar Talata a kasuwar Mafara, wajen masu gyaran waya. A ɗauko waya uku daga kan tebur: Android sabuwa, Android tsohuwa mai fasasshen gilashi, da ƙarama mai madannai. A kashe data. Ya buɗe wani littafin da ya taɓa ginawa a kan dukkan ukun, a nemo shafin da ke da “ƙaiƙayi” ko “ɓarɓashi” a gani ko ƙugiyoyin sun fito. Sannan ya rubuta a takarda, da sa hannu da shaidu biyu, sunan wanda ke da asusun, da wanda zai biya kuɗin sabuntawa baɗi, da cewa marubuci na da ikon kai littafinsa duk inda ya so. In akwai mai ginin da ya yarda da wannan a cikin zauren nan, ya yi magana a ƙasa, mu da kanmu za mu zo da wayoyin.